Dubu Bakwai da Ɗari Biyu

A garejin Veikko, can bayan Kajaani,
akwai wani fistin bisa tebur, ya tsage gida biyu.
Tsohon bai yarda a jefar ba.
"Wannan," in ji shi, "ladan kunnen ƙashi ne."

Da Saana ta kawo motarta,
ya sa wa injin takunkumi a dubu bakwai da ɗari biyu,
ya jera 'yan fitilu saman sitiyari:
kore, kore, rawaya, ja.
"In ja ya kama, ki sauya giya.
Kar ki tsaya shawara da zuciya,
ba ita ke sayen inji ba."

Ran Asabar, kan tafkin da ya daskare,
taya ta sulɓe, allura ta tashi,
ƙafa ta manne wa totur.
Inji ya kama in'ina, ta-ta-ta,
ya ƙi ƙara ko zagaye ɗaya.

Ta zo ta huɗu, tana huci.
Veikko bai ce uffan ba.
Ya ɗaga murfi, ya kara kunne,
bawul goma sha shida na numfashi lafiya lau.
Sai ya zuba mata kofi.