Tsagar Bangon Gabas

Ruwan daren Laraba ya ɗauke da asuba,
ya bar mana tsaga a bangon gabas,
daga indararo har ƙasa,
tafin hannuna na shiga
ya gaisa da iskar waje.

Kulu ta jera roba uku da tasa ɗaya ƙarƙashin azara,
kowace da irin kukanta.
Ta ce, "Malam, ko ka kira mai gyara,
ko ka saya muna kwalekwale."

Namakka ɗan kwangila ya zo bisa babur,
igiyar awo a ƙugu, biro a bayan kunne.
Bai taɓa bangon ba.
Ya dube shi yadda mahauci ke duban tsohuwar saniya.
"Wanga sai rushewa.
Bulo, siminti buhu arba'in, kwano daga Jega,
mako biyu ka shiga da bisimilla."
Ya rubuta kuɗin a bayan katin waya.
Na karanta, na goge tabarau, na sake:
shinkafar fadamata ce gaba ɗaya,
har da wadda ba ta fid da kai ba.

Da dare na yi lissafi a kan tabarma.
Hannu biyu gare ni, kuma ba aro ba ne.
Ina ɗan shekara tara na taka ƙasar ginin nan,
Baba na cura tubali yana jerawa a rana.
Abin da yaro ya gani,
ashe dattijo zai kasa?

Asabar na kwaɓa ƙasa.
Shekara talatin ina riƙon alli a firamaren Bunza,
alli ya mai da tafina na jariri.
Kafin azahar bororo huɗu,
kafin la'asar ƙugu ya ƙi miƙewa,
abin da na ɗora kuwa ya sunkuya
kamar mai neman allura a ƙasa.

Barmo magini ya biyo da sandarsa,
ido ɗaya ya tafi, ɗayan na nan da kaifinsa.
Ya ɗebi kwaɓin ya shinshina.
"Ba ta ruɓa ba. Ƙasa sai ta kwana uku.
Kuma wa ya aike ka gini da damina?"
Ya yi dariya har tari ya kama shi.

Na ce to, Namakka ya ci.
Na shiga fid da kaya,
na ja akwatin ƙarfen da ba a motsa ba tun rasuwa.
A bayansa, cikin yaɓen makuba,
ga sawun hannu:
yatsu huɗu da rabi.
Lauje ne ya ci rabin, shekarar ambaliya.
Na ɗora nawa a kai.
Har yau nasa ya fi faɗi.

Na daɗe a tsugune
har Kulu ta leƙo ko faɗuwa na yi.

Washegari na ce wa Namakka,
"Rufi naka ne, da bango uku.
Na gabas ka bar mini."
Ya ce bulo ba ya zama da ƙasa.
Na ce ni da Kulu ma haka aka ce.
Ya rage buhu tara, ya karɓi kafin alƙalami,
ya ce sai Litinin.

Litinin uku ke nan.
Wayarsa na ƙara, ana cewa yana Kamba.

Mun ɗaure rufin da leda da tsofaffin tayoyi.
Kullum da yamma Barmo na zaune kan turmi
yana nuna mini da sanda,
ina cusa ƙasa a tsagar, dunƙule bayan dunƙule,
yana cewa cire, sake.
Yau ya yi shiru sau biyu.

Hadari na haɗowa ta wajen fadama.
Kulu ta fito da robobinta,
ta tsaya, ta dubi bangon,
ta mai da ɗaya cikin madafa.