Mariƙin Baka

Kawu Jatau ne ya sassaƙa bakan nan,
icen dargaza, daidai tafinsa,
tafin da ke rufe bakin tulu.

Ni kuwa injin katako a Oko-Baba
ya karɓi yatsuna biyu, bai ba da canji ba.
Da ukun da suka rage nake gadi a Ebute Metta.
In na ɗaga bakan sai ya suɓuce
kamar tarwaɗa a hannun yaro.
Daminar Ikko ba ta barin tafi ya bushe.

Na ari magagari wurin Lasisi kafinta.
Ya ce, "Kada ka ci cikinsa, zai karye."
Gefe na bi, a hankali.
Baƙin gumin Kawu na shekara talatin
yana zuba kan gwiwata gari-gari,
farin ice ya leƙo kamar sabon haƙori.
Nan na tsaya. Na daɗe.

Sannan na kankare da fasasshiyar kwalba,
na naɗe da robar tayar babur,
na cike gurbin da babu yatsa.

Da asuba na ja tsirkiya.
Bai motsa ba.
Wuri ɗaya na bari ban taɓa ba,
ƙasa kaɗan, inda babban yatsansa ya lotsa.