Abin da Turnabis Ba Ya Kwancewa

Shekara goma sha tara ina buɗe bayan tele
a rumfata ta Sabon Gari, gab da masu walda.
Ban taɓa iske mutum a ciki ba.
Ƙura ce, da wayoyi, da saƙar gizo,
wata rana ƙadangare, ya bushe wurin neman ɗumi.

Ran Talata, kuran ya ɗauke tun hantsi,
sai ga Tasalla ta Mokoyo,
jikanta Lawali ɗauke da akwatin a ka,
an lulluɓe shi da zanen gado kamar majinyaci.

Na ce, Iya, hoto ne ko murya?
Ta ce, duka lafiya lau.
Ƙarya take yi, Ɗan Jimma. Ita za ka cire min.

Masu walda suka tuntsire.
Ba ta ko dube su ba.

Ta ce, ranar rabon shinkafa,
bayan ruwa ya kwantar mana da katangu,
ina wurin, ba wani ya ba ni labari ba.
Ba mu cika talatin ba a gindin dogon yaro.
Mai kamara ya ce mu matso, mu ƙara matsewa,
ya durƙusa, ya ɗauko mu daga ƙasa.
Da dare na ga kaina cikin taro kamar filin idi,
buhu a gabana, ina dariya.
Tiya biyu na kai gida,
dariyar kuwa atishawa ce ta taso min.

Sai likitan nan mai farar riga
da ke rantsuwa kan maganin gwiwa bayan labarai.
Jika huɗu na ba da.
Gwiwa tana nan inda take.
Lawali ya ce, ai shi ne ɓarawon shanu
a wasan daren Asabar.

Ta yi ƙasa da murya:
tuwo yana hucewa a gaban yara.
Ƴar autarmu, shekara tara,
ta tambaye ni kuɗin man da ke sa mutum ya yi fari,
wai ba ta taɓa ganin mai irin fatarta
an buɗe mata ƙofar mota ba.

Na juya turnabis a hannuna.
Na san dalma, na san wayar da ta ƙone,
wannan kam ban san inda ake kwance shi ba.

Sai na jawo gawar wata tsohuwar tele,
baki kawai, ba gilashi, ba hanji,
na ɗaga ta wajen titi.
Iya, me kika gani?
Benen Alhaji, sabon fenti.
Na karkata kaɗan. Yanzu fa?
Kwata, da akuya tana cin leda.
Na ce, duka Maradi ce.
Ba wadda ta yi miki ƙarya a cikinsu,
amma hannun da ya riƙe bakin nan
shi ba a nuna shi.
In ta yi magana, ki tambaye ta wa ya biya,
wa kuma aka bari a gefe yana miƙa wuya.

Ta daɗe tana leƙe.
Ta sa Lawali a ciki, ta fitar da shi,
ta sa ni, ta yanke min kai.
Ta kwance bakin zane, dala ashirin:
wannan nake so, yara su yi ta juyawa.

Suna karya kwana kuran ya dawo.
Tele bakwai suka farka lokaci guda,
kowace da nata rantsuwar.
Ni da na san cikinsu ƙura ce,
sai da ƙarfen dalma ya ƙona min yatsa
na gane bakina a buɗe yake.