Mai Ba Da Hannu

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
janareto na tari a bayan ɗakin bincike.
Ni da firji da kwalabe arba'in.

Jiya Gwaggo Tasallah, a gado na tara,
ta ce, "Wai me kike nema a ruwan nan, Jummala?"
Na ce, Gwaggo, kin san mararrabar Ojota?

Cikin kowace ƙwayar jikinki akwai littafi.
Ba ya fita, aike yake yi.
'Yan aike na gudu kamar danfo da asuba:
gina wannan, ƙara wancan.
Sai wani ɗan mitsitsi, harafi ashirin da biyu kacal,
ya tsaya tsakiyar titi ya ɗaga hannu.
Maikiro-RNA sunansa.
Wanda ya cafke, saƙonsa ya mutu a hanya.

Ran da ya bar bakin aiki,
ko ya tare mai gaskiya ya saki ɓarawo,
ƙwaya ta haihu, ta haihu, ba mai cewa ya isa.
Dajin ƙirjinki ke nan.

Ta yi dariya har ledar ƙarin ruwa ta girgiza:
"To ku mai da shi bakin aiki mana!"

Hanyar ce, Gwaggo.
Jini na cinye shi kafin ya isa,
wani sa'in ya sauka unguwar da ba a kira shi ba.
A faranti ya yi aiki. A ɓera ma.
A mutum, da saura.

Na sake cika bututu.
A waje kwandastan farko ya fara kiran Oshodi.