Akwatuna Bakwai a Gefen Shinge

Hollis ya rasu a watan Janairu.
Ya bar mini gona, da bashin tarakta,
da akwatuna bakwai a kan sanduna,
jere da shingen waya har gangaren kogin Gasconade,
gidajen shuɗɗan tsuntsayen nan masu jan ƙirji
da ya fi kula da su fiye da rufin ɗakinmu.

Shi mutumin katakon al'ul ne, ba ya sauya magana.
Ba fenti, ba mai.
"Katako ma yana numfashi, Lorene."
Ciki a bar shi da kaushi, kada a goge,
don 'yan tsaki su sami abin kamawa ran fita.
Ƙofa zagayayya, inci ɗaya da rabi,
ka ƙara ko kaurin gashi, ka gayyato baƙo.
Huji huɗu a ƙasa saboda ruwa,
rufi ya zarce gaba kamar bakin hula,
fuska ta dubi gabas.

Da ƙanƙara ta narke sai ga Verna Kuchler
a tsohuwar motarta mai tari,
ta sauke mini guntun bututun roba
fari, da zane-zanen baƙi wai ɓawon itace.
"Gwara ba ta son wannan," in ji ta,
"ya yi mata ƙunci. Ba ya ruɓewa kuma."
Na karɓa don kunya.
Na kafa shi can nesa, inda ba zan gan shi daga taga ba.

Jikata Tamsin ma ta ƙera nata
da allunan akwatin tuffa, ta shafe shi da ja,
ta manna ɗan tsinke a bakin ƙofa
wai wurin hutawar mai gida.
Kwana biyu gwara ta tare.
Ta cika shi da tsumma da ledar burodi,
tana zaune kan tsinken tana yi mana tsiwa.
Tamsin ta yi kuka. Muka cire tsinken tare.

Na huɗu, ɓarawon dare ya hau,
mai baƙar fuska da zobba a wutsiya.
Na tarar da ɓawon ƙwai a ciyawa da safe.
Laifina ne: sandar katako ce,
Hollis ya sha cewa zai sauya ta da ƙarfe.
Na sauya. Hannuna ya yi kanta.

Ran sha biyu ga Afrilu
na leƙa bututun Verna don in tabbatar ba kowa.
Sheƙar busasshiyar ciyawa, an murɗa ta tsaf,
ƙwai biyar, launin sama bayan an ɗauke ruwa.
Na tsaya.
Al'ul bakwai a jere, sun tsallake duka.
Wallahi sai da na ji haushi a madadinsa.

Yuli ya zo da rana mai dafa dutse.
Na sa hannu cikin roba, zafi kamar tanda,
na sa cikin katako, da sauƙi.
Zubi na biyu sai suka yi ƙaura
zuwa na bakwai, karkataccen nan,
wanda ya ƙera da hannu yana rawa,
rufin ya goce, ƙusa uku sun lanƙwashe.
Huɗu suka tashi daga ciki.
Na ƙirga su a kan waya.

Littafinsa yana nan a aljihun rigar sanyi.
Ƙarƙashin layinsa na ƙarshe na rubuta:
roba, biyar; al'ul, huɗu.
Ban san wa ya ci ba.
Verna ta ce ita ce.
Na ce ta zo da wani bututun baɗi,
amma a inuwar gefen rumbu za mu kafa shi,
kuma ni zan zaɓi sandar.