Ƙyallen Laima

A ƙasan adakar kakana Gwadabe tela,
ƙarƙashin takardun haraji da tsohon almakashi,
akwai wani ƙyalle, dā fari, yanzu ruwan madara,
santsi gare shi kamar cikin kunnen ɗan akuya.
Ba rawani ba ne, ba likkafani ba.
Guntun laimar dirowa daga jirgin sama ne.

Shekarar da jiragen Ingila ke sauka Fotlami
su sha mai su wuce gabas,
ɗaya ya lalace, ya kwana goma sha ɗaya a fili.
Cikin mutanensa akwai wani saje mai jar hula,
dogo, kunnuwa kamar faifai,
rana ta dafa masa wuya har yana saɓa.
Harkin sunansa. Kakana ya ce Harka,
sunan ya zauna.

Wandonsa ne ya yage a gwiwa.
Ya zo rumfar da ke hanyar kogin Shari,
ba Hausa, ba Larabci, Faransancinsa bai cika cokali ba.
Ya zauna a tabarma
yana kallon ƙafar kakana a kan keken ɗinki.
Aka ba shi goro, ya tauna, ya yamutsa fuska,
ya haɗiye don kunya.
Washegari ya dawo, ba abin da ya yage.
Kashegarinta ma haka.

Da hannu ya yi bayanin sana'arsa:
tafin hagu jirgi, yatsan dama mutum,
mutum ya faɗo, hankici ya buɗe a kansa.
Masunta suka yi dariya har da riƙe ciki.
Kakana bai yi ba. Ya tsinke zare da haƙori ya ce:
wanda ya rataya ransa a jikin ɗinki
ya san darajar tela.

Ran tafiya ya bar ƙyallen nan
da adireshin uwarsa a bayan kwalin taba.

Sai da damina biyu ta wuce bayan yaƙi
amsar wasiƙar da akawun gidan waya ya rubuta ta iso.
Uwar ce. Rubutunta na rawa.
Ta ce ya dira a wata ƙasa mai sanyi,
ya koma cikin wuta sau uku yana ɗauko 'yan'uwansa a kafaɗa,
na huɗun bai fito ba.
Ta ce an ba shi lambar jarumta,
an miƙa mata a ɗan akwati mai shuɗin ciki
da bai kai nauyin takalminsa na yaye ba.
A ƙarshe ta tambaya:
ya ci abinci sosai a wurinku?

Kakana ya sa aka sake karanta masa wannan layin,
sannan ya rufe rumfa tun kafin la'asar.

Ban san shi ba. Yaƙin ma ban san shi ba,
ba namu ba ne, ko da yake ya ci namu:
ƙanin kakata, Ɗanliti, ya bi motocin soja cikin hamada,
shi ba lamba, ba wasiƙa, ba ko kwalin taba.
Kakata kan faɗi haka duk ran da aka buɗe adaka,
kakana kan yi shiru, don gaskiyarta ce.
Amma ita ce ta yanki gefen ƙyallen
ta yi wa mahaifina hular suna.

Yau Fotlami ta zama Njamena,
rumfar ta zama shagon cajin waya.
Nakan shimfiɗa ƙyallen a cinya in bi ɗinkin da yatsa,
ƙanana, a jere, ko tsalle ɗaya babu,
aikin wani tela da ba a ba shi lamba ba shi ma.
Irin wannan ɗinki ne ya kai Harka ƙasa lafiya.
Abin da ya tarar a ƙasan, ba laifin zare ba ne.

In kira sunansa, in kira na Ɗanliti,
in ninke ƙyallen huɗu,
in mayar da almakashi a kai.