Audugar Ruwa

Na san auduga tun ina yaro,
a bayan jaki na bi ta har Gombe, bakin sikeli.
Ban taɓa zaton zan tsince ta a Dadin Kowa
ta tsiro a gadon bayan tarwaɗa ba.

Da asubar Talata na ja koma,
ruwa da sanyi kamar bakin wuƙa.
Karfasa bakwai, tarwaɗa uku, kurungu ɗaya mai gurnani.
Huɗu a ciki sun yafa farin abu,
laushi gare shi cikin ruwa, kamar sabon abawa,
da ya sha iska sai ya kwanta, ya koma majina.
Na kankare da farce,
ƙarƙashinsa nama ne ja, ɗanye,
yana kallona.

Goggo Dudu mai banda ta juya su da tsinke,
ta ce, Gidaɗo, hayaƙi yana rufa asiri,
amma ba irin wannan ba.
Ta ɗauki bakwai, ta bar mini huɗu da tunani.

Wata yarinya ta zo ranar kasuwa,
likitar dabbobi, sunanta Zulai,
da safar hannu da kwalabe da sanyin murya.
Ta ɗebi ruwa a wurin da kwatar gari ke shigowa,
ta sake ɗiba a gindin gonakin rani.
Ta ce abin dangin makero ne,
yana zaune cikin ruwa tun fil azal,
ba ya cin kifi sai kifi ya gaji.
Ta ce ta ji har can teku
manyan da ke shayar da 'ya'yansu nono
suna fitowa shan iska da tabo a fata.

Ban san teku ba.
Na tsaya a kan kalma ɗaya: gaji.
Shekara arba'in ina bin kifi,
ban taɓa tambayar me ke gajiyar da shi ba.

Jikana Sambo, shi ma makero ya ci masa ƙeya bara,
muka aske shi ƙwal, muka shafa magani,
kafin kaka gashi ya dawo.
Yanzu ya tsuguna gaban tarwaɗar, ya daɗe,
ya ce, Kaka, su wa ke yi musu aski?

Na yi dariya, dariyar ta maƙale.

Huɗun nan na haƙa musu rami nesa da gaɓa,
na shanya koma a rana kwana biyu, ban shiga ruwa ba.
Da yamma dorina ta ɗago can tsakiya, ta yi huci.
Na kama kaina ina ƙura wa bayanta ido,
ina neman fari.

Nisa ya hana ni gani.
Zulai ta ce za ta dawo da sakamako.
Yau Talata ta uku.